Yadda masu motocin kwana a Amurka ke tayar da AC da ƙaramin janareta

A shekarar 2021 an ƙiyasta cewa a Amurka akwai iyalai sama da miliyan 11 da suka mallaki motar da ake kira RV, wato mota ko tirela mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki da firji, ga kuma AC a kan rufinta. Akasarin motocin ana ƙera su ne a yankin Elkhart da ke jihar Indiana, kuma a shekarar 2021 kaɗai kamfanoni sun fitar da sama da 600,000.

Mai irin wannan mota yana barin wutar gidansa a baya, ya koma rayuwa da wadda ya samu a hanya. Nan take yake shiga matsalar da duk mai janareta a Najeriya ya sani: wuta ga ta, amma AC ya ƙi tashi.

Wutar da ake aunawa

A sansanonin da matafiya ke yada zango, kowace mota na da ɗan turken da take jona waya. Akwai mai amfiya 30, wanda a kan bolt 120 na Amurka bai wuce wat 3,600 ba. Akwai kuma mai amfiya 50 mai layi biyu, da ke kaiwa wat 12,000.

AC ɗin da aka fi gani a kan rufin motocin, irin na kamfanonin Dometic da Coleman-Mach, ya ɗan ɗara wanda ake kira mai doki ɗaya da rabi a kasuwannin Najeriya. Yana cin amfiya 12 zuwa 15 idan yana aiki. Da an haɗa shi da na'urar ɗumama abinci da hitar ruwa a kan turke mai amfiya 30, sai wutar ta katse.

Waɗanda suka fi son kwana a daji, kamar dubban da ke taruwa a Quartzsite ta jihar Arizona duk watan Janairu, ba su da turke ma. Janareta ne ko batir da sola.

Daƙiƙar da ke durƙusar da janareta

Matsalar tana cikin kwamfuresa. Kafin injinsa ya fara juyawa, yana fizgar wuta ninki huɗu ko biyar na abin da yake ci a lokacin aiki, wato amfiya 50 zuwa 60. Fizgar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ta isa.

Janaretan Honda EU2200i, wanda matafiya da yawa ke ɗauka saboda rashin nauyi da rashin ƙara, yana ba da wat 1,800 a kai a kai, wato amfiya 15, kuma ƙarshen ƙarfinsa wat 2,200 ne. Zai iya riƙe AC da ya riga ya tashi, sai dai fizgar farko ta fi ƙarfinsa.

A kan tsaunuka abin ya fi muni. Injin fetur na rasa kusan kashi 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda ƙarancin iska. A birnin Denver, mai tsayin mita 1,600, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya tafi.

A da, mafita ita ce a sayi babban janareta ko a haɗa ƙanana guda biyu. Hakan na nufin ƙarin nauyi da ƙarin fetur da ƙarin hayaniya, alhali dokar gandun dajin gwamnatin Amurka ta taƙaita ƙarar inji zuwa desibel 60 daga nisan ƙafa 50.

Lallaɓa kwamfuresa

Wasu kan ƙara wa AC kafasita mai taimakon tashi. Yana da araha, yana sa injin ya juya da sauri, amma bai rage tsananin fizgar sosai ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa tsakanin wuta da kwamfuresa, mai sakin wutar sannu a hankali maimakon a buɗe ta gaba ɗaya. Wadda ta fi suna ita ce EasyStart ta kamfanin Micro-Air da ke jihar New Jersey, akwai kuma SoftStartRV. Kamfanin Micro-Air na cewa na'urarsa na rage fizgar da kashi 65 zuwa 75 cikin 100. Fizgar amfiya 55 sai ta dawo ƙasa da 20, abin da ƙaramin janareta zai iya jurewa.

EasyStart na amfani da tashi biyar na farko wajen nazarin kwamfuresan da aka haɗa ta da shi, shi ya sa ake so a yi su a kan wuta mai ƙarfi. Kuɗinta dala 300 ne ko kusa da haka.

Sai dai ba ta rage abin da AC ke ci bayan ya tashi. Wanda batirinsa ba zai riƙe AC na awa uku ba, ko ya saka ta ba zai riƙe ba.

Idan wutar ce ba ta da ƙarfi

Kowane allazi da nasa amanu. A ranakun bazara, idan kowace mota a tsohon sansani ta kunna AC, ƙarfin wuta kan sauko daga bolt 120 zuwa 105 ko ƙasa da haka. Injin kwamfuresa sai ya ƙara jan amfiya don cike giɓin, wayoyinsa su yi zafi, a hankali ya ƙone.

Don haka matafiya ke saka na'urar gadi a bakin turke. Ta kamfanin Progressive Industries tana yanke wuta idan ta sauko ƙasa da bolt 104 ko ta haura 132, kuma tana iya jinkirin sama da minti biyu kafin ta maido ta, don iskar gas ɗin kwamfuresa ta daidaita.

Wasu kuma na amfani da Hughes Autoformer, ɗan taransifoma mai aiki irin na sitabilaiza, da ke ɗaga wutar da kusan kashi 10 cikin 100. Wasu masu sansani sun hana amfani da shi, bisa hujjar cewa yana ƙara nauyi a kan layin da dama ya gaji.

Haɗarin da ba a gani

Na'urar gadi na gano kuskuren haɗa waya a turke. Idan wayar nutural ta tsinke a kan turke mai amfiya 50, wutar da ta kusa bolt 240 na iya afka wa kayan da aka yi don 120, ta ƙone talabijin da firji nan take.

Idan kuma wayar ƙasa ce ta katse, jikin motar kansa na iya ɗaukar wuta, ya ja wanda ya taɓa ƙofa yana tsaye a kan danshi. Mike Sokol, masanin lantarki da ya shafe shekaru yana faɗakarwa kan wannan haɗari, na ba da shawarar a riƙa gwada jikin mota da abin gwajin wuta da ba sai an taɓa ƙarfe ba.

Abin lura ga masu janareta da sola

AC da firji da injin rijiyar burtsatse a Kano ko Maraɗi duk suna da wannan fizgar ta farko. Mai sayen janareta ko inbata da ya duba abin da kayansa ke ci kawai, bai duba fizgar tashi ba, yana iya kashe kuɗi ya dawo AC bai tashi ba.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, don haka na'urar da aka yi wa motar Amurka mai bolt 120 ba za ta yi aiki ba, sai an nemi wadda ta dace, kuma ƙwararren mai gyaran AC ya haɗa. AC na zamani mai inbata kuwa ba ya buƙatar ta, domin kwamfuresansa dama a hankali yake tashi. Masu ƙera AC na motocin RV ma sun fara fitar da irinsa.