Yis na leda ko ragowar ƙullun jiya: wanne ya fi tayar da waina?

Ɗalibai mata da dama a makarantar nan da kuɗin waina da fanke suke sayen takardun darasi. Duk wadda ke wannan sana'a ta san ƙullun da ya ƙi tashi asara ce: shinkafa ta tafi, kuɗin niƙa ya tafi, masu saye sun wuce gaba. Mu 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje mun karanta yis a aji, ni kuma na taso tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ina ganin yadda iyayenmu mata ke tayar da ƙullu ko da babu yis ɗin kanti. Shi ya sa na ga ya dace in ajiye hanyoyin biyu kusa da juna mu duba.

Da farko, yis abu ne mai rai. Ƙwayar halitta ce 'yar mitsitsiya daga dangin naman kaza, masana na kiranta Saccharomyces cerevisiae. Tana cin sukari, ta fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, da kuma ɗan sinadarin barasa. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna tun wajen 1857 cewa halittu masu rai ke yin wannan aiki. Na san wani zai ɗaga gira da jin kalmar barasa. Gaskiya ne, irin wannan ƙwayar ce masu yin giya a Turai ke amfani da ita, har suna ta musu kan busasshiya da mai ruwa wacce ta fi. Amma abin da ke fitowa a ƙullun waina ko burodi kaɗan ne ƙwarai, kuma zafin tanda yana kore mafi yawansa.

Busasshen yis, wanda muke saye a leda, ƙwayoyin nan ne aka noma a masana'anta aka tsame musu ruwa har suka yi barci. Kamfanin Fleischmann na Amurka ya fito da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1973 kamfanin Lesaffre na Faransa ya kawo nau'in da ake zubawa kai tsaye cikin gari ba sai an jiƙa ba. Amfaninsa a fili yake. Iri ɗaya ne tal, yana da ƙarfi, kuma idan ba a buɗe ledar ba yakan kai shekara biyu ba tare da firij ba. Ga ɗalibar da ke da lacca ƙarfe takwas, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙullu kan tashi cikin awa ɗaya zuwa biyu idan gari da ɗumi.

Matsalarsa tana farawa ne daga ranar da aka buɗe. Iska da laima da zafi suna kashe shi sannu a hankali. To ku tuna wasu masu shago babbar leda suke fasawa su ƙulla kaɗan-kaɗan, ƙullin ya yi makonni a rataye cikin zafin Afrilu. Ido ba ya bambance mai rai da matacce. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: rabin kofi na ruwa mai ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis, a jira minti 10. In ya yi kumfa, yana da rai. In ya kwanta shiru, kada a zuba shi a ƙullu. Ruwan kuma ɗumin jiki ake so, wajen digiri 35 zuwa 40. Da ya doshi 60, ƙwayoyin sun mutu. Mutane da yawa a lokacin hunturu suna zuba ruwan zafi don ƙullu ya yi sauri, su kashe yis ɗin da hannunsu.

Yis mai ruwa namu na gida shi ne ragowar ƙullun jiya da ake ɗiba a zuba cikin sabo. A nan ba halitta ɗaya ke aiki ba. Akwai yis na daji da ke zuwa tare da hatsi da jikin ƙwarya, akwai kuma ƙwayoyin da ke sa tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono. Su ne ke ba wainar tsofaffi wannan ɗan tsami-tsami da ƙamshi da yis ɗin leda ba ya bayarwa shi kaɗai. Ni dai a bakina, wainar da aka tayar ta wannan hanya ta fi daɗi da miyar taushe, nesa ba kusa ba. Ga shi kyauta ne.

Sai dai yana son kulawa kamar kiwon kaji. A farke yake, kullum yana ci, don haka sai mai suya kullum ce za ta iya riƙe shi. A bar shi kwana biyu cikin zafi ba firij, tsami ya yi yawa har ruwan kanwa ya kasa gyara shi. A hunturu kuma yakan kwana bai tashi sosai ba. Kuma ba a san adadin ƙwayoyin da ke cikin ludayi ɗaya ba, yau ya yi ƙarfi, gobe ya yi sanyi. In ya canja launi, ko ya yi funfuna, ko ya yi warin ruɓa maimakon tsami, a zubar kawai, cikin mutane ake magana.

Shawarata ga mai suya a ɗakin kwanan ɗalibai, wadda sau biyu ko uku take yi a mako: ta riƙe na leda, ta sayi wanda aka like daga kamfani, ta matse iskar ta ɗaure bakin bayan kowane amfani, ta sa a kwalba mai murfi nesa da risho. Mai suya kullum kuwa tana iya haɗa biyun: ludayi ɗaya na ƙullun jiya da dare don ɗanɗano, sannan ɗan yis na leda da asuba don ƙullun ya tashi kafin masu saye su fara sallama.