Wa Mai Binciken Asusu Yake Yi Wa Aiki?

'Yan kwamitin masallatai kan tambaye mu dalilin sauya mai binciken asusu bayan ya san littattafai, an kuma shaƙu da shi. Mukan ba su labarin Arthur Andersen, kamfanin akantoci na Amurka da aka kafa a 1913.

Kamfanin makamashi na Enron yana cikin manyan abokan hulɗarsa. A shekarar 2000 ya biya Andersen dala miliyan 25 na binciken asusu, da miliyan 27 na shawarwari da sauran hidimomi. Ma'aikatan Andersen har ofis gare su a ginin Enron da ke Houston. Da wani ƙwararren Andersen ya dage da ƙorafi kan yadda Enron ke rubuta wasu cinikayyarsa, Enron ya kai kuka, shugabannin Andersen kuwa suka janye shi daga aikin. A ganinmu nan ɓarakar take. Sun gwammace su faranta wa mai biyan kuɗi rai, suka manta da masu hannun jari da ma'aikata, waɗanda domin su ake binciken tun asali.

Enron ya durƙushe a Disambar 2001. A 2002 kotu ta sami Andersen da laifin yi wa shari'a zagon ƙasa saboda lalata takardu. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma kamfanin ya riga ya watse. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta sauya jagoran bincike duk shekara biyar a kamfanonin da ke kasuwar hannun jari.