Abin da sanyin farko ke yi wa kalangu da ƙwarya

Da an gama yankan gero a ƙasar Magarya da Dungas, tun dammuna ba su gama shiga rumbu ba, iska kan juya. Ta bar kudu maso yamma ta koma arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Wata shekarar sai Nuwamba ta yi nisa ake jin ta, wata kuwa tun ƙarshen Oktoba uwa ke zaƙulo rigunan sanyin yara daga ƙasan adaka. Faso da kaushi da tsagewar leɓe kowa ya san su. Kayan gida ma suna jin jiki, musamman tsohon kalangu ko goge da ke rataye a ɗaka tun zamanin kaka, sai dai idan sun tsage yara ake ɗora wa laifi.

Itace da ƙwarya da fata, ko sun shekara talatin da barin daji, suna shan danshi daga iska, suna kuma fitar da shi. A watan Agusta danshin iska a wannan yanki kan haura kashi 70 cikin 100. Da ranar hunturu kuwa ya faɗo ƙasa da kashi 20. Itacen da ke riƙe da ruwa kamar kashi 13 na nauyinsa sai ya koma kashi 4 ko 5, ya tsuke. Matsalar ita ce ba ya tsukewa bai ɗaya. Ta faɗi yake ja, tsawonsa kusan ba ya motsi, kuma bayansa na riga cikinsa bushewa. Shi ya sa turmi ke tsagewa daga baki zuwa gindi, ƙyauren katakon da ya ƙi rufuwa da damina kuma yanzu ya bar wa iska kafa.

Turawa na fama da irin wannan da fiyano, abin kiɗan da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Florence na Italiya wajajen 1700, wanda a gidaje da yawa ake gadonsa daga kaka zuwa jika. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe kusan 230, da suke ja da ƙarfin da ya kai tan 18, suna dogare kan wani siririn allo mai ɗan doro. Da sanyi ya shigo aka fara ɗumama ɗaki, iskar ɗakin ta bushe, allon ya tsuke, doron ya kwanta, murya ta sauka. Don haka masu gyara ke son danshin ɗakin ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50, abin da ba a ko mafarkinsa a Dungas cikin Janairu.

Namu kayan akasin haka suke yi. Fatar akuyar da ke bakin kalangu, ko fatar guzan da aka rufe ƙwaryar goge da ita, bushewa ɗaure ta take yi, murya ta hau, ta yi zaƙi. Makaɗi na son haka, har zuwa inda fatar za ta ce ta gaji ta fashe. A ganina makonnin farko sun fi tsakiyar hunturu haɗari. A ƙauyukan kwarin Korama, wajen su Wacha da Bande inda ake noman rake, raɓa na sauka da asuba, fata ta saki, makaɗi ya kara ta da wuta don ta ɗauka. Kafin azahar busasshiyar iska ta ƙara ɗaure abin da wuta ta riga ta ɗaure. Lokacin ne kuma kaka ta yi, aljihu ya yi nauyi, ga bikin aure ga kokawa, kayan ba su samun hutu.

Ƙwaryar mata ita ce ta fi shan wahala, domin aiki biyu take yi: da safe a dama fura a wanke, da dare a kife ta a yi kiɗa. Jiƙewa da bushewa kullum. Da can idan ta tsage ana jiran gyartai ranar kasuwa, ya bi tsagar yana huda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke ta tsaf har ta sake riƙe ruwa. Roba da silba sun kusa raba shi da sana'arsa, ga shi ƙwaryar da aka ɗinke ba ta komawa muryarta ta da.

Tsofaffin makaɗa sun san maganin ba tare da sun auna danshi ba. Ba sa rataye kaya kusa da kaskon garwashi ko a bangon da rana ke duka. Suna sassauta tsirkiya bayan kiɗa, su naɗe goge cikin zane ko jaka, domin bushewar ta zo a hankali. Ɗan man shanu ko man kaɗe a jikin itace na rage saurin fitar ruwa, amma ba a laftawa a fata, don yana kashe murya.