Abdul Kalam: Masanin Kimiyyar da Ya Zama Shugaban Ƙasar Indiya

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan ƙasashe, 'yan siyasa ko sojoji ne suke hawa kujerar shugabanci. Dokta A.P.J. Abdul Kalam yana cikin 'yan ƙalilan da ilimin kimiyya ya kai su wannan matsayi. Wannan babi zai dubi asalinsa da karatunsa da ayyukansa, tare da darasin da malamin makaranta zai ɗauka daga rayuwarsa.

2.0 Asali da Neman Ilimi

An haifi Kalam ranar 15 ga Oktoba, 1931 a garin Rameswaram na jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Mahaifinsa, Jainulabdeen, limamin masallaci ne, kuma yana da jirgin ruwa na fito. Kasancewar gidansu ba na masu hali ba ne, tun yana yaro yake sayar da jarida domin tallafa wa iyayensa.

Kalam ya sha bayyana cewa wani malaminsa, Sivasubramania Iyer, shi ne ya cusa masa sha'awar fannin jiragen sama. Malamin ya yi bayanin yadda tsuntsu yake tashi, yara ba su gane ba, sai ya kwashe su zuwa bakin teku suka gani da idonsu. Daga bisani Kalam ya sami digiri a fannin fizikis a 1954, sannan ya karanta injiniyancin jiragen sama a Madras. Burinsa na farko shi ne ya zama matuƙin jirgin yaƙi, amma ya zo na 9 alhali mutum 8 ake buƙata.

3.0 Ayyukansa na Kimiyya

A 1969 aka mayar da shi hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya, wato ISRO, inda ya jagoranci ƙera rokar SLV-III. Gwajin farko a 1979 bai yi nasara ba, domin rokar ta faɗa teku. Shugaban hukumar, Satish Dhawan, shi ya ɗauki alhakin faɗuwar a gaban 'yan jarida. Da aka sake gwaji a Yulin 1980, rokar ta kai tauraron ɗan'adam mai suna Rohini sararin samaniya, sai Dhawan ya bar Kalam ya sanar da nasarar.

Bayan haka ya jagoranci shirin ƙera makamai masu linzami irin su Prithvi da Agni, ya kuma taka muhimmiyar rawa a gwajin makaman nukiliya na Pokhran a 1998. Hakazalika, ya taimaka wajen samar da takalman tallafa wa ƙafa marasa nauyi ga yara masu shan-inna. A 1997 ya sami Bharat Ratna, lambar yabo mafi girma ga farar hula a Indiya.

4.0 Shugabancinsa

An rantsar da Kalam a matsayin shugaban Indiya na 11 ranar 25 ga Yuli, 2002, da goyon bayan gwamnati da babbar jam'iyyar adawa. A tsarin Indiya, ikon zartarwa yana hannun firaminista. Shugaban ƙasa uba ne kuma mai kiyaye tsarin mulki. Duk da haka, a 2006 ya mayar wa majalisa wani ƙudurin doka domin ta sake nazari. Saboda yawan ganawarsa da ɗalibai da talakawa aka yi masa laƙabi da Shugaban Jama'a.

Sai dai mulkinsa bai rasa suka ba. An zarge shi da barin yawancin takardun neman afuwar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ba tare da yanke shawara ba. Haka kuma Kotun Ƙoli ta ce rushe majalisar jihar Bihar da ya sanya wa hannu a 2005 ya saɓa wa tsarin mulki.

5.0 Kammalawa

Da wa'adinsa ya ƙare a 2007, Kalam ya koma koyarwa. Ya rasu ranar 27 ga Yuli, 2015 yana cikin gabatar da lacca ga ɗalibai a Shillong, yana da shekara 83. Abin lura ga mai shirin zama malami shi ne, darasi guda da aka fitar daga aji aka nuna a zahiri yana iya sauya alƙiblar rayuwar yaro baki ɗaya.