Ina Zafin Shayi Yake Tafiya?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da asubahin hunturu ya san kafin ya gama yanka burodi, shayin da aka miƙo masa yana tururi ya soma hucewa. To, ina zafin yake tafiya?

Masana kimiyya sun ce ta hanya huɗu yake gudu. Ta farko, yana ratsa jikin kofi ya shiga hannu ko tebur. Shi ya sa kofin silba ke ƙona yatsa, domin ƙarfe ya fi roba saurin ɗaukar zafi. Ta biyu, iskar da ke bisa shayin takan ɗumama ta tashi, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku ita ce tururi, wanda ke tafiya da zafi mai yawa, busasshiyar iskar hunturu kuwa tana ƙara masa sauri. Dalili ke nan mai shayi yake ɗaga hannu sama yana juye shi daga kofi zuwa kofi in ana so ya huce. Ta huɗu, zafi yana fita kamar yadda garwashi ke dukan fuskar mai jin ɗumi alhali bai taɓa shi ba.

Waɗannan hanyoyi ne fulas yake toshewa. Wani masani mutumin Sikotlan, Sir James Dewar, shi ya ƙago shi a Landan cikin 1892, don adana abubuwa masu tsananin sanyi a ɗakin gwaji. A 1904 Jamusawa suka fara sayar da shi da sunan Thermos. Kwalba biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu don kada zafi ya sami abin bi. An shafe su da azurfa kamar madubi, ita ke mayar da zafin ciki, murfi kuma ya tare tururi.

Saboda haka, mai karatu, ka fara ɗauraye fulas da tafasasshen ruwa, ka cika shi taf, ka rufe sosai. In ka ji bayansa ya yi ɗumi, to, ya lalace. Wanda ba shi da fulas ya rufe tukunya, ya naɗe ta da bargo, kada ya ajiye ta a kan siminti.

Sai dai akwai jan kunne ga iyaye mata. Da zarar zafin kunu, koko ko madara ya sauka ƙasa da digiri 60, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa a ciki, abin da ke jawo wa yara gudawa. Gara a zuba tafasasshen ruwa a fulas, a dama abincin jariri lokacin da zai sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada zafin ruwan haɗa madarar gari ya gaza digiri 70, sannan a bari ta huce kafin a ba shi. Rigakafi dai ya fi magani.