CIWON ƘODA A GASHUA: Gudummawa Na Ƙarewa, Cuta Ba Ta Ƙarewa

Daga wakilinmu na Arewa

Duk ɗan ƙasar Bade da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin saƙon nan da kan zo daga gida: wane ya kwanta, likita ya ce ƙoda ce, a taimaka. Shekaru da dama ke nan ciwon ƙoda yana cin mutane a Gashua da Nguru da Jakusko da sauran garuruwan da ke bakin kogin Yobe, har ya kai ga da wuya ka sami unguwar da ba ta yi jana'izar mai wannan cuta ba.

Masana suna zargin abubuwa da dama. Akwai hawan jini da ciwon suga da ba a gano da wuri ba, akwai ruwan sha, da magungunan feshi na noman rani, da yawan shan ƙwayoyin kashe ciwon jiki ba da izinin likita ba, ga kuma aikin ƙarfi cikin tsananin rana. A 2023 Gwamna Mai Mala Buni ya nemi masana na Ingila su haɗa kai da cibiyar bincike ta BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda Dokta Mahmoud Bukar Maina ya kafa, don a gano tushen abin. Amma fa mara lafiya ba ya jiran sakamakon bincike. Kuɗi yake bukata yau.

To, a nan ne jama'a suka ɗauki nauyin da kansu. Ana yin shela a masallaci bayan sallar Juma'a, matasa su zaga kasuwa da kwali, 'yan makaranta ɗaya su buɗe asusu a banki su baza lambar a WhatsApp. 'Yan kifi da 'yan tattasai da 'yan shanu da ke Mile 12 da Agege da Sabon Badun su ma ba a bar su a baya ba, sau da yawa ma kaso mafi tsoka daga wajensu yake fitowa. Wannan taimakon kai da kai ne na gaske, kuma ya ceci rayuka.

Sai dai a zo a yi lissafi. Wanda ƙodarsa ta daina aiki ana yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako, kuma ba a dainawa sai in an yi masa dashe. A asibitocin Gwamnatin Tarayya wanki ɗaya ya kai wajen Naira 50,000 kafin ragin da aka sanar a 2025. Watau ko sau biyu a mako aka yi, Naira 400,000 ke nan a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. Ragin ya mai da wankin Naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, cikinsu har da na koyarwa na Maiduguri da na Tarayya da ke Azare da na Ebute Metta a Ikko. Gwamnatin Yobe kuwa ta daɗe da mai da shi kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu. Madalla da haka. To amma kuɗin mota daga Gashua zuwa Damaturu fa? Da masauki, da abincin mai jinya, da allurar ƙarin jini, da gwaje-gwaje? Ga gona an bari ba mai kula.

Saboda haka ne kusan kowace gidauniya take bin hanya ɗaya. Makon farko kuɗi su shigo kamar ruwan sama. Wata na biyu sai a fara jin shiru, domin an kawo sunan wani sabon majinyaci, kuma aljihun da aka taɓa jiya shi za a sake taɓawa. Wanda yake da ɗan'uwa sananne ko babban ma'aikaci, nasa asusun yakan cika. Manomin ƙauye da ba wanda ya san sunansa sai ya sayar da akuya da gona, daga nan a mai da shi gida. Akwai kuma matsalar amana, don ba kowane mai riƙe da asusu ne ke karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita ba, kuma in aka cuci mutane sau ɗaya, masu gaskiya goma ne za su sha wuya bayansa.

Abin da masu fafutukar lafiya ga kowa suke faɗa shi ne a tara kuɗin tun mutum yana tsaye da ƙafarsa. Doka ma tana bayansu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci da marasa galihu, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya. Yobe tana da tata hukumar karo-karo, YSCHMA. Amma ma'aikacin gwamnati ne ake iya cire wa daga albashi. Masunci da mai noman shinkafa sai an bi su an lallashe su, kuma mutumin da zai ba da dubu biyar nan take in an nuna masa hoton majinyaci, da wuya ya ba da dubu ɗaya don cutar da ba ta zo ba tukuna.

Inshorar ba za ta ɗauki wankin ƙoda na har abada ba, kada a ruɗi kowa. Amfaninta yana can baya: awon jini, gwajin fitsari da maganin hawan jini, waɗanda kuɗinsu na shekara guda bai kai na wankin wata ɗaya ba. A ganina ƙungiyoyin 'yan Bade da na 'yan Nguru da ke Kudu su suka fi kowa damar fara wannan, tunda sun saba adashi, suna da shugabanni da ma'aji da littafin suna. Za su iya ware wani kaso na kuɗin taron wata su yi wa iyaye da 'yan'uwa rajista a gida, su kuma ɗauki nauyin ranar gwaji kyauta a Gashua lokacin da ake komawa Sallah.