Binciken Abin da Ɗalibi Ya Ɗanɗana: Finominoloji ta Fassara

Idan muna so mu san manya nawa ne suka daina zuwa ajin yaƙi da jahilci, rajista ta ishe mu. Amma rajista ba za ta gaya mana abin da dattijo yake ji ba sa'ad da ya kasa karanta sunansa a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Irin wannan tambaya ce finominoloji ta fassara take bi. Finominoloji ita ce nazarin abu yadda mutum ya ɗanɗana shi da kansa.

Asalinta

Edmund Husserl, masanin falsafa na Jamus, ya koyar cewa mai bincike ya ajiye zatonsa gefe, ya bayyana abu yadda ya zo wa mutum. Almajirinsa Martin Heidegger ya nuna a littafinsa na 1927 cewa ba mai iya tuɓe tarihinsa kamar riga, saboda haka kowace fahimta fassara ce. A 1960 Hans-Georg Gadamer ya ƙara da cewa fahimta tana samuwa sa'ad da hangen mai karatu ya sadu da hangen rubutu. Max van Manen na Jami'ar Alberta a Kanada ya tsara hanyar domin masu koyarwa a littafinsa na 1990.

Yadda ake yi

1. Mu rubuta zatonmu tun farko. In mun ɗauka lalaci ne ke hana manya zuwa aji, mu rubuta haka, don kada ya ɓuya cikin sakamakonmu.
2. Mu zaɓi mutane kaɗan waɗanda abin ya same su, mu nemi yardarsu, mu ɓoye sunayensu.
3. Mu nemi labari, kada mu nemi ra'ayi. Maimakon "Me ya sa kuka daina?", mu ce, "Baba, ku ba mu labarin ranar da kuka zo aji na ƙarshe."
4. Mu rubuta hirar kalma bisa kalma, mu karanta ta yadda muka saba da nassi: aya tana haskaka sura, sura tana haskaka aya. Van Manen ya ba da abubuwa 4 da za mu lura da su: wuri, jiki, lokaci da dangantaka. A ina Baba ya zauna? Hannunsa ya yi rawa? Wa yake kallonsa?
5. Mu yi ta sake rubutu har ma'anar ta fito.

Gargaɗi

Jarabarmu masu wa'azi ita ce mu ji rabin labari mu ciro darasi. Mai bincike yana jira. Na biyu, mutane suna jin nauyin fasto, sukan faɗi abin da zai faranta masa rai. Zai fi kyau mu yi hirar a ikilisiyar da ba tamu ba. Na uku, labarin mutum 8 ba ƙididdiga ba ne. Zurfi yake bayarwa, kada mu ce haka yake ga kowa.

Tambaya domin tattaunawa: wane zato ne muke da shi game da ɗaliban da suka bar ajinmu, wanda ba mu taɓa gwada shi da labarinsu ba?